Hular da Malam Bai Sa wa Suna Ba

Tun da aka kawo ni gidan Malam a unguwar Gardole aikinmu ɗaya ne, mun raba shi biyu. Shi yake zana hula, ni nake ɗinkewa. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle a kan allon katako, ya ja layuka a tsaye da a kwance har ƙyallen ya zama ƙananan gidaje, sannan ya bi su da biro ja da shuɗi da baƙi, yana cike wannan yana tsallake wancan. In ya gama sai ya miƙo mini, in bi sawunsa da allura da zare. Wurin mahaifinsa ya koya. Shi kuma mahaifin da sana'ar ya taso daga yamma zai je Makka, ya yada zango a bakin kogin Shari don ya huta, bai ƙara gaba ba har aka binne shi a nan.

Malam mutum ne mai magana. Yana zane yana surutu, da ni, da maƙwabta ta kan katanga, da kajin da ke yawo a tsakar gida. Kuma kowane zane yana da suna a wurinsa. Akwai tsofaffin da ya gada, irin su dagi da sarƙa da gidan dara da ƙafar kaza, akwai waɗanda ya aro daga aikin babbar riga, kamar aska da tambari. In kuwa sabo ya ƙirƙiro, hular ba ta fita daga gidan sai ya raɗa masa suna. Yakan ce in mai ita ya dawo yana son irinta, me zai ce a yi masa? Akwai wani da ya kira mahaɗa, layi biyu ne, ɗaya duhu ɗaya haske, suna tafiya gefe da gefe har su gamu, kamar yadda kogin Shari da na Logon suke gamuwa a garin nan. Ni ban taɓa sa wa zane suna ba. Ba aikina ba ne.

Ranar da ciwon ya same shi da hantsi ne, ina wanke shinkafa. Sai na lura gidan ya yi shiru. Da na waiwaya na gan shi ya karkace jikin bango, bakinsa ya ja gefe guda, biro ya faɗi a kan tabarma. Maƙwabta suka kai shi asibiti, labtan kamar yadda muke cewa a nan. Da aka sallamo shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo daga baya, yana takawa da sanda. Hannun bai dawo ba. Maganar ma haka. Kalma ɗaya ce ta rage masa, ita ce "to." In yana jin ƙishirwa, to. In na tambaye shi ko akwai inda ke masa ciwo, to. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne salla. A zaune yake yi, kuma Fatiha tana fita daga bakinsa tas, ba gargada. Yana sallamewa sai bakin ya rufe, ya kasa ce mini in miƙo masa ruwa.

Likitan ya yi mana bayani da Larabci, a hankali, don ya ga a tsorace nake. Ya ce kalmomin suna nan a kansa, hanyar da suke bi su fito ce ta toshe. Ya ce mu riƙa yi masa magana, mu riƙa tambayarsa sunayen abubuwan da ya fi sani, kada mu gaji. Ya ce watannin farko su ne masu muhimmanci, abin da bai dawo a cikinsu ba da wuya ya dawo daga baya. Wannan maganar ita na ƙulle a bakin zanina na dawo da ita gida. Ko me nake yi, ina jin watannin suna wucewa.

Ɗiyarmu ta fari ce ta kawo dabarar. Ba na kiran sunanta, ko a rubuce ma hannuna ba ya yarda. Tana karatu a jami'a can Tukura, takan fita da sassafe ta dawo wajen la'asar a gajiye. Tana da wani wasa da take so a jaridun Faransanci, tana ce masa mokurwaze. Gidaje ne farare da baƙaƙe a jere, kowane layi da tambayarsa, kai kuma ka nemo amsar ka rubuta, baƙi ɗaya a gida ɗaya. Wata amsar a kwance take tafiya, wata a tsaye, suna ratsa juna. Ta ce na jarida ba zai yi wa Baba amfani ba tun da ba ya jin Faransanci, amma ita za ta shirya masa nasa da Hausa, kuma duk amsoshin su zama sunayen zanen hula, tun da su ya fi sani a duniya.

Muka zauna a ƙarƙashin darbejiyar gidanmu, ni ina faɗa mata sunayen ina kwatanta kamanninsu, ita tana ƙirga gidaje a takarda mai ƙananan layuka. Mun yi dariya ranar, karo na farko tun da abin ya faru. Na ce mata dagi igiya ce da ta nannaɗe kanta har ba ka ganin inda ta fara ko inda ta ƙare, ta ce in tsaya, haka za ta rubuta. Aska kuma muka ce dogon zane mai tsini a ƙirjin riga, irin abin da wanzami ke riƙewa. Tambari, zagaye a bayan riga, sunansa ɗaya da gangar sarauta. Sarƙa, zobba riƙe da juna har su zagaye kai. Da muka zo kan mahaɗa ta ce wannan ba sai an wahala ba, ta rubuta: inda kogi biyu suka gamu.

Malam karatun allo ya yi, ajami yake rubutawa, boko bai shige shi ba. Ni ce na yi yaƙi da jahilci bayan na yaye autana, a wani aji na mata da wani malami ɗan Nijar yake koyarwa da Hausa da yamma. Karatuna a hankali yake, da yatsa nake bi. Saboda haka aikin ya faɗo kaina. Yarinyar ta tafi makaranta, ni in zauna kusa da shi bayan na gama abincin rana, in karanta tambaya, in nuna masa gidajen, in jira. In ya faɗi amsar, in rubuta.

Na yi ta jira. Nakan karanta masa ta igiyar da ta nannaɗe kanta, in ce, "Malam, gida huɗu ne. Ka san shi, kai ka koya mini ɗinkinsa." Sai ya dube ni, ya dubi takardar. Ina ganin ya sani, don idonsa yana haske, leɓɓansa suna motsi, jijiyar wuyansa ta tashi kamar mai ɗaga buhu. Can sai ya ce to. In ɗauko tsohuwar hula mai dagi in sa masa a cinya, ya bi zanen da babban yatsansa na hagu tun daga farko har ya zagayo, ya ce to. Wani lokaci nakan fara masa kalmar in tsaya, kamar yadda likita ya ce. Wani lokaci in faɗa duka in ce ya maimaita. Daga ƙarshe ni nake rubuta amsar da kaina, don kada yarinyar ta dawo ta tarar da gidajen a wofi. Ta sani. Takan dubi takardar ta dube ni, in girgiza kai, ta shiga ɗaki ta tuɓe takalma.

Akwai ranar da ya ture takardar da ƙarfi har ta faɗa cikin kwanon ruwa, ya juya fuskarsa bango. Na tsamo ta na shanya a kan igiya tare da wanki. Na tsaya bayan wani zani da na shanya na ɗan jima, don ba na son ya ga fuskata.

Mutum ɗaya ne ya kusa cin nasara, shi ne ɗan kawunsa, abokin wasansa tun suna yara, mahauci ne a unguwar Farsha. Yakan zo ran Juma'a bayan an sauko, da ƙunshin nama a takarda, tun daga zaure yake fara tsokana. Bai taɓa yi wa Malam magana irin ta majinyaci ba. Ya ga takardar a hannuna ya tambaya, na yi masa bayani, ya ce in karanto ya ji. Na karanta ta igiyar.

"Wannan ai hanji ne," in ji shi. "Rubuta hanji, amarya." Har yau amarya yake ce mini, da furfurata.

Na ce masa hanji ya fi gidajen yawa. Ya ce to in datse shi, ai shi kullum datsewa yake yi. Ya juya ga Malam ya ce, "Kai kuma malalaci, ka samu ana dafa maka kana kwance, shi ya sa ka ƙi magana. Dama can zanenka hanjin akuya ne, kunya ce ta hana mu gaya maka."

Malam ya yi dariya, irin dariyarsa ta yanzu mai fita ta gefen baki. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna shi, yana girgiza kai, fuskarsa ta yi ja. Sai muka ji ya ce, "Da..." Ya tsaya. Ni da mahaucin ba wanda ya motsa. Ya sake ja, ya ce, "Da... da..." Sai ya sauke hannun, ya ce to.

Mahaucin ya ci gaba da tsokana kamar bai ji komai ba, amma da na raka shi zaure sai na ga yana share ido da hannun riga. Ya ce hayaƙin murhuna ne, in daina amfani da ɗanyen itace. Da yarinyar ta dawo na ba ta labari, ta rungume ni, ta zauna ta shirya sabbin takardu har uku. Mun ɗauka ƙofar ta fara buɗewa. Washegari na karanta masa tambayar nan sau da yawa, har da muryar mahaucin na gwada, har da hanjin. Rabin kalmar ma bai sake fitowa ba.

Damina ta shigo, lungunmu ya cika da ruwa kamar yadda ya saba, muka koma zama a rumfa. Wata rana muna tsakiyar tambayoyi na ji ƙaurin tukunya, na ajiye takardar da biro a kan allon katakonsa na tashi. Ƙasan shinkafar ya kama, na tsaya juyewa, maƙwabciya kuma ta leƙo aron rariya muka ɗan taɓa magana. Da na dawo na tarar da shi a sunkuye. Ya danne takardar da mataccen hannunsa, ya riƙe biro da na hagu, yana cike gidajen da baƙar tawada.

Na tsaya a bayansa ina kallo. Da farko na ɗauka ɓata takardar yake yi don haushi. Sai na ga yana ƙirga gidaje da bakin biron, daga gefe zuwa tsakiya, kamar yadda ya saba yi a kan ƙyalle. Inda yarinyar ta sa baƙin gida a dama, sai ya nemi ɗan'uwansa a hagu ya cike. Ya bi ta kan rubutuna, ya shafe aska, ya shafe rabin tambari. A lokacin na gane abin da yake gani tun ranar farko. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon farin abu mai ƙananan gidaje, an cike wasu an bar wasu, mu kuma muka ajiye masa irinsa a gaba muna ce masa ya yi magana. A wurinsa zanen hula ne da aka fara ba a gama ba.

Hannun hagun ba ya bin umarninsa sosai. Tawadar tana tsallake layi, wani gidan ya huda shi. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Amma tun da ya kwanta ban ga ya zauna a kan abu ɗaya haka ba. Ban hana shi ba. Na zauna a gefen tabarma har ya gama, ya ɗaga takardar nesa da fuskarsa ya ƙanƙance ido, sannan ya miƙo mini, yadda yake miƙo ƙyalle.

Da yarinyar ta dawo ta gani, ta tsaya tana juya takardar. Ba ta yi magana a gabansa ba, sai da muka shiga madafa. Ta ce in daina bar masa biro. Ta ce in ya samu zane zai ɓuya a cikinsa, ba zai ƙara wahalar da kansa wajen neman kalma ba, kuma lokacin da likita ya faɗa yana ƙarewa.

"Inna, ni ba hula nake so ba," ta ce. "So nake ya kira sunana."

Gaskiya ta faɗa. Ni ma abin da nake so ke nan, in ji ya ce uwar yara, ina shayina. Amma ni ce nake zaune da shi da rana, ni nake ganin fuskarsa in na karanta tambaya ya kasa. Na gwada bin maganarta. Na riƙe biron a hannuna ina karantawa, shi kuma idonsa yana kan biron, ba ya ma sauraro. Ya miƙo hannu, na yi kamar ban gani ba. Ya bar hannun a miƙe. Mijina ne, ban taɓa hana shi abin da ya nema ba, balle kayan aikinsa. Na ba shi.

Da muka koma labtan na kai wa likita takardar, na tambaye shi wanne ne daidai, a ba shi ko a hana shi. Ya duba ya ce zanen yana da kyau ga hannun da kuma zuciyarsa, kada a hana. Yarinyar ta tambaya ko zai taimaki maganar. Ya ce ba zai yi mana alkawari ba. Ya ce mu ci gaba da tambayoyin, amma mu shirya zuciyarmu, don an ɗan jima yanzu. A hanyar dawowa, da za mu tsallaka ruwan lungu, ɗiyar tawa ta riƙe hannuna kamar ni ce yarinyar.

Ta ci gaba da shirya takardun. Sai dai na lura tambayoyin suna raguwa, gidajen suna ƙaruwa. Wata safiya ta bar mini takarda babba, ta zuba baƙaƙen gidaje nan da can, a ƙasa kuma tambaya ɗaya tak, ta kogi biyu da suka gamu. Na karanta masa ita kafin in ba shi biro. Har yanzu haka muke yi. In karanta, in jira, ya ce to, in miƙa masa.

Takardar farkon nan da ya cike na ajiye ta. Da ruwa ya ja baya na ɗauko farin ƙyalle, na ja layuka kamar yadda na ga yana yi shekara da shekaru, na kwafe zanen gida bayan gida, na maimaita shi har ya zagaye kai. Inda hannunsa ya kauce na rasa yadda zan yi, in gyara ko in bari, don ban san wanne ne nufinsa wanne ne rawar hannu ba, kuma ba halin in tambaya. Na bar su yadda suke. Zanen bai yi kama da ko ɗaya cikin waɗanda na sani ba. Yana da faɗi a tsakiya, da wasu ƙananan ƙahoni a gefe, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na ɗinke shi da baƙin zare da ruwan ƙasa. Na daɗe a kansa, don idona ba kamar da ba.

Ranar da na gama Juma'a ce, mahaucin yana nan, yarinyar ma ba ta fita ba. Na wanke hular na ɗora ta a kan kwano ta bushe ta yi tsaye, sannan na durƙusa na sa wa Malam a cinya. Ya ɗauka ya juya ta. Ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya tsaya a wani wuri da zarena ya ɗan yi sako-sako, ya danna, ya dube ni, irin kallon da ya saba yi mini in na yi gaggawa. Na ce na gani, zan gyara.

Sai na ce, "Malam, sabo ne. Me za a ce da shi?"

Ya dubi hular. Leɓɓansa suka fara motsi, jijiyar wuyan ta tashi. Yarinyar ta matso ta durƙusa kusa da ni. Mun jira har ladan ya fara kiran la'asar ya gama. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ce to. Ya ɗora hular a kansa da hannun hagu, ta karkace, yarinyar ta miƙe ta daidaita masa.

Mahaucin ya yi gyaran murya ya ce tun da malalacin ya ƙi, shi zai sa, a kira shi kan rago. Na ce masa a'a, a hankali. Bai sake cewa komai ba, abin da ban taɓa gani ba a wurinsa.

Malam yana sa hular in zai zauna a ƙofar gida da yamma. Mutane sun gani, wasu sun aiko a yi musu irinta, na kuwa yi. In sun tambayi sunan zanen nakan ce maigidan bai sa masa ba tukuna. Sai su ce, to a yi mana irin ta kan Malam. Watannin da likita ya faɗa sun wuce tuni. Jiya ma bayan abincin rana na ɗauko takarda na karanta masa tambayar kogin, na sa yatsa a gidan farko na jira, shi kuma hannunsa yana miƙe wajen biron.